Shugabancin Sakanashi Gengo

Rana ɗaya muka shiga wurin Malam Kumabe, mai koyar da faɗa da takobi, ni da Sakanashi Gengo, shekarar da aka zuba wa hanyar tasha kwalta. Ina da shekara goma sha tara, ina koyon ɗinkin tabarmar ɗaki a shagon mahaifina. Shi ya girme ni da shekara biyu, yana aiki a kantin taki da maganin ƙwari. Ni mahaifina ne ya turo ni, wai bayana ya fara ranƙwafewa saboda yawan zama. Shi kuwa hoton wani mutum riƙe da takubba biyu ya gani a jikin kalanda, abin ya yi masa kyau, ya zo. Da bakinsa ya faɗa mini, kuma a shekara hamsin da huɗu da na yi ina ganinsa ban ga dalilin ya canja ba.

Wurin horon rumbun kankana ne. Malam manomi ne kamar kowa a gefenmu na Kumamoto a ƙasar Japan, idan an kwashe kaya sai a share daɓen katako a shiga. Amma abin da ake koyarwa a ciki ya tsufa. Mutumin da ya kafa salon takubba biyu a yankinmu ya ƙare rayuwarsa, shekara kusan ɗari huɗu ke nan, daga nan aka yi ta miƙa abin hannu da hannu har ya rabu rassa-rassa. Namu reshen ƙarami ne, Malam shi ne na goma sha ɗaya a kansa. Kakansa ya taɓa ɓoye takubbansa a rufin ɗaki lokacin da hukuma ta hana yawo da takobi. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma, da sojojin Amurka suka hana horon baki ɗaya, Malam ya yi shekaru yana yi da ƙotar fartanya a bayan gona. Duk wannan tarihi Gengo ya haddace shi cikin mako guda. Kafin wata ya ƙare ya fi Malam iya ba da shi.

Horon kansa ba shi da armashi. Shekara uku kana riƙe da dogon takobi na katako, siriri, da hannu ɗaya. Sai a ba ka gajere shi kaɗai. Sai daga baya a haɗa maka biyun, dogo a dama, gajere a hagu. Tsayuwa biyar ce kacal, ana yi mutum biyu-biyu, ɗaya ya kawo sara ɗaya ya karɓa, yau da gobe da jibi. Gengo ya taɓa tambayar Malam inda asirin yake.

Malam ya ce, "Mutanen dā biyu suke ratayawa a ƙugu. Mai salon ya ga wauta ce a kashe ka ɗaya na cikin kube yana barci. Ka ji asirin. Sauran gumi ne."

Gengo bai ji daɗin amsar ba. Ya tabbata ana ɓoye masa wani abu.

Hannunsa na dama ba laifi, yana da ƙarfi, buhunan taki sun gina shi. Na hagun ne matsalar. A salonmu gajeren takobi shi ke tare sara, ya danne takobin abokin karawa, dogon ya samu hanya. Gengo kuwa yana riƙe da nasa kamar an ba shi ajiyar kifin wani yana jiran mai shi ya dawo.

"Gengo, ina hannun hagunka?"

"Yana nan, Malam."

"Na ga yana nan. Baƙo ne? A kawo masa shayi?"

Mu kwashe da dariya, shi ma ya yi, washegari a sake. Abin da bai samu a hannu ba sai ya nema a kasuwa. Ya sayi wandon horo na siliki alhali Malam na sa na auduga mai faci. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayi takubban ƙarfe na gaske guda biyu. Ranar aurensa da Tokie da su ya tsaya hoto, amarya ta matsa gefe don kada ƙota ta tsokane mata ido. Har yau hoton yana nan, ita rabin fuskarta ce ta fito.

Mu ma da laifinmu a ciki, ba zan ɓoye ba. Sau ɗaya Nasu, wani ɗan'uwanmu a horo mai gyaran kekuna, ya kawo masa sara yadda ya kamata, hagun bai tare ba, katako ya sauka a goshi. Gengo ya yi wata guda da bandeji har bayan kumburin ya baje, yana bi kanti-kanti yana ba da labari, kuma bai yi wa Nasu magana ba sai da shekara ta zagayo. Tun daga nan duk wanda ya tsaya gabansa sai ya rage hannu, ya ajiye masa takobi a hankali kan nasa kamar mai ajiye ƙwai. Shekara talatin muna yi masa haka don a zauna lafiya, shi kuma ya ɗauka ƙwarewa ce ta zo.

Malam yana da 'ya ɗaya, Fusae. Yarinya ce 'yar shekara goma lokacin da muka zo, ta girma ta zama mai dafa abincin rana a makarantar firamare. Ba ta shiga horon yamma. Ranar da muke ɗaukar hoton shekara ita ke raba shayi. Wata safiya, ina da kamar shekara arba'in, na kai musu tabarmi da wuri kafin Malam ya tafi gona, sai na ji ƙarar katako daga rumbu, irin ƙarar da ban taɓa ji a horonmu ba. Na leƙa ta tsagar ƙofa. Ita ce da mahaifinta. Yana kawo mata sara da dukan ƙarfinsa, tana karɓa da gajeren, kafin ka ƙifta dogon yana maƙogwaronsa. Ashe tun tana ƙarama kowace safiya haka suke yi, don Malam na bukatar abokin horo da ba ya tsoronsa. Na ajiye tabarmin a bakin ƙofa na koma gida. Da na faɗa wa Gengo sai ya yi murmushi ya ce, "Motsa jiki ne. Yana da kyau ga mata."

Malam ya rasu a gona lokacin dashe, yana tsugune, bai ce wa kowa komai ba game da magaji. Abin da ya bari naɗaɗɗiyar takarda ce mai sunayen shugabanni goma sha ɗaya, a cikin wani akwati da ƙwari suka ci. Gengo ya je gaisuwa ya ce wa Fusae ta ba shi takardar ya sa a yi mata sabon akwati. Ta ba shi.

Ranar addu'ar kwana arba'in da tara muna zaune ana cin abinci, sai ya tashi ya fara zagayawa yana miƙa wa kowa katin suna da hannu biyu. Na duba nawa. Sakanashi Gengo, Shugaba na Goma Sha Biyu. Harafin zinariya.

Na ce, "Yaya Gengo, wa ya naɗa ka?"

"Malam ya kalle ni."

"Ya kalle ka?"

"Mako biyu kafin ya rasu. Wani irin kallo. Ba za ka gane ba, mai tabarma."

Nasu ya ce, "Ni ma ya kalle ni a makon. Na taka masa shuka."

Gengo bai ko juya ba. Daga baya muka ji ya riga ya kai takardar wurin mai rubuta allunan kanti an ƙara sunansa a ƙasa, don rubutun hannunsa ko shi ba ya iya karantawa. Na je wurin Fusae raina a ɓace. Na same ta tana wanke kwanukan baƙi. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Takarda ce, Yaya Rokuro. Miƙo mini wancan faranti."

Kowace shekara a watan biyar muna nuna salon a wurin bauta na garinmu, a filin da ke gaban tafkin kifi. Shekarar da ta biyo rasuwar Malam, Gengo ya shirya fitowarsa ta farko a matsayin shugaba. Ya gayyato ɗan jarida daga birni. Nasu ne zai kawo masa sara, amma da safe Nasu ya aiko cewa bayansa ya riƙe, ko da yake an gan shi da rana yana ɗaga keke. Ni na ce gwiwata. Sauran kowa ya samu gaɓar da ke ciwo. Sai malamin wurin bautar, tsoho mai son a gama da wuri, ya ce tunda shekarar farko ce ai ya dace jinin mamacin ya tsaya, a kira Fusae.

Ta zo da tsohon wandon mahaifinta, ta naɗe ƙafar sau biyu. Gengo ya rusuna mata kaɗan, ya ɗaga murya yadda ɗan jarida zai ji.

"Kada ki ji tsoro, 'yar Malam. Zan bi ki a hankali."

"Na gode, Yaya. Ni dai yadda Baba ya koya mini kawai na iya."

Aka yi gaisuwa, aka ja da baya. Mutane kamar ɗari biyu, har da yaran makarantarta da iyayensu. Gengo ya buɗe hannuwa ya tsaya tsayuwar farko, kuma tsakani da gaskiya ya yi kyau, siliki na ƙyalli, gemu a gyare. Ita ta ɗaga dogon takobi ɗaya da hannu biyu, ta tako sau uku, ta sauke.

Ban ga saukar ba, ƙarar na ji. Gajeren takobin Gengo ya bar hannunsa ya tashi sama yana juyi, ya wuce kan ɗan jarida, ya faɗa tsakiyar tafki. Kifaye suka yi caa a kansa, sun ɗauka abinci ne. Katakon Fusae kuwa ya tsaya cak, tsakaninsa da goshin Gengo bai fi faɗin yatsa ba.

Nasu, wanda bayansa ya warke har ya zo kallo, ya matse mini hannu. A raina na ce yau dai an gama, har na fara jin tausayinsa.

Gengo ya ja da baya, ya rusuna wa Fusae, ya juya ga jama'a, ya gyara murya.

"Abin da kuka gani yanzu, ba a taɓa nuna shi a bainar jama'a ba. Jifan gajeren takobi ke nan, ɓoyayyen darasin reshenmu. Daga shugaba sai shugaba. Na bayyana shi yau ne don girmama Malam."

Wani ya fara tafi, sai fili ya ɗauka. Dama akwai tsohon zance cewa mai salon ya iya jifa da gajeren takobi, kowa ya taɓa ji, don haka maganar ta zauna daram. Ɗan jarida ya rubuta har da zane. Babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa jifan ya nufi kifi maimakon abokin karawa.

Na tare Fusae a bayan fili tana ninke wandon.

"Ba za ki ce komai ba?"

"In ce me? Gobe shinkafar yara ɗari uku zan dafa."

"Ƙarya fa ya yi a kan mahaifinki!"

"Baba ya san shi shekara talatin da biyar bai kore shi ba. Kai ma ka san shi. Ku da kuke ajiye masa takobi kamar ƙwai, yau ne abin ya dame ku?"

Mako na gaba ni da Nasu muka je rumbun kankana da sassafe muka durƙusa muka ce ta koya mana. Ina da shekara hamsin da biyar, ta mayar da ni takobi ɗaya. Ba ta rage wa kowa hannu. Daga baya wasu mata biyu daga ɗakin girkin makaranta suka shigo, sai wani direban motar madara. Ba mu taɓa wuce mutum bakwai ba.

Gengo kuwa kasuwarsa ta buɗe. Ya bar kantin taki. Ya gina zauren horo a kan lambun da Tokie ke shuka albasa da kabeji, ya kafa allo mai tsawon mutum biyu. Ni na shimfiɗa tabarmin ɗakin baƙinsa, yana tsaye a kaina yana koya mini sana'ata. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Osaka da Tokyo, har da Turawa. Abin da Malam ke ba mutum a shekara goma, shi yana bayarwa a hutun mako guda, da takardar shaida mai hatimi. Tsayuwa biyar ta yi masa kaɗan, ya ƙaro bakwai, ya ce ya gano su ne a cikin mafarki da kuma tsofaffin takardu waɗanda ba a nuna wa kowa. Kowane watan biyar kuma sai ya je wurin bauta ya wurga gajeren takobi cikin tafki da gangan, ɗalibansa su bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Malamin wurin ya sayi dogon manjagara musamman don kwaso su. Wata shekara har aka kashe kifi.

Akwai abu ɗaya da zan faɗa don kada a ce na zalunce shi. Lokacin da matata Harue ta rasu na rufe shago na kwanta, ban ga dalilin tashi ba. Mutane suka zo gaisuwa suka tafi, kamar yadda ake yi. Gengo ne kaɗai bai tafi ba. Kowace safiya ƙarfe bakwai sai ya bugo ƙofa da tukunyar miya da Tokie ta dafa, ya zauna a gefen shimfiɗata, ya yi awa guda yana ba ni labarin kansa: wanda ya yaba masa, wanda ya yi masa hassada, abin da wani Bajamushe ya ce game da idanunsa. Ko sau ɗaya bai ambaci Harue ba. Kwana arba'in yana haka. A ƙarshe na tashi na buɗe shago don kawai in samu inda zan ce masa ina da aiki. Har yau ban sani ba ko dabara ce ya yi mini ko kuwa ya samu mai sauraro ne da ba ya iya gudu. Na fi zaton na biyun. Amma na tashi.

Ya mutu yana da shekara saba'in da biyar, ranar biyu ga sabuwar shekara. Curin shinkafa mai danƙo na bikin ne ya maƙale masa a wuya, yana ci yana yi wa surukinsa bayanin yadda ake numfashi a fagen yaƙi.

Ranar jana'iza aka cika. Bayan an dawo daga ƙona gawa ana zaune cin abinci a zauren nasa, sai wani likitan haƙori daga Osaka ya tashi, ya share hawaye, ya ce yana da nauyin da zai sauke. Ya zaro naɗaɗɗiyar takarda daga akwati, ya ce marigayi ya ba shi a asirce shekara huɗu da suka wuce, shi ne shugaba na goma sha uku, shi kaɗai.

Wani mai sayar da gidaje daga Fukuoka ya ajiye kofinsa ya ce, "Ka yi haƙuri, ban ji da kyau ba." Ya jawo jakarsa. Tasa takardar iri ɗaya ce sak, har da akwatin.

Can ƙarshen tebur wani dogon Bature daga Kanada, mutumin kirki wanda ya yi shekara tara yana zuwa kowane rani, fuskarsa ta yi ja. Sai ya ɗora tasa a kan tebur a hankali.

Likita ya ce, "Tawa ta riga."

Mai sayar da gidaje ya ce, "Taka ta riga, amma ni ya ce mini kai hannunka na cire haƙori ne kawai."

"Ni kuwa ya ce mini kai ko tsintsiya ba ka iya riƙewa ba!"

Suka miƙe tsaye. Ɗalibai suka rabu gida uku. Ni da Nasu muka matsa da farantanmu jikin bango don mu ga da kyau. Nasu ya raɗa mini, "Da Yaya Gengo na nan da ya ji daɗi. Duk maganarsa ake yi."

A ƙarshe suka juya ga Tokie, wadda ke zaune cikin baƙaƙen kaya tana ɓare lemo. Likita ya durƙusa gabanta ya ce, "Uwargida, ke kaɗai za ki raba mu. Wacce ce ta gaskiya?"

Ta gama ɓare lemon, ta tashi ta shiga ciki, ta dawo rungume da akwatuna bakwai ta zube su a tsakiyar tabarma.

"Goma ya sa aka yi masa, wai ya fi sauƙi a haɗe. Ga sauran. Duk mai so ya ɗauka, ina bukatar kabad ɗin."

Babu wanda ya ɗauka. Mai sayar da gidaje ya tuna yana da jirgin ƙasa. Likita ya bi bayansa. Baturen ne kaɗai ya tsaya ya taya kwashe kwanuka, kuma da zai tafi ya tambaye ni ko gaskiya ne akwai wata mata da ke koyarwa a rumbun kankana. Na kwatanta masa. Ya je rani biyu, ta mayar da shi takobi ɗaya, a na uku bai dawo ba.

Ainihin takardar tana ƙarƙashin tarin katunan suna a cikin wannan kabad. Tokie ta kai wa Fusae da kanta, ina wurin. Fusae ta warware ta a kan daɓe, muka ga sunaye goma sha ɗaya da tawada ta koɗe, sai na Gengo a ƙasa, baƙi ƙirin, ya ninka sauran girma. Na ce a samu wanda zai kankare shi.

Ta shafa wurin da yatsa ta ce, "Takardar ta tsufa. In aka kankare hujewa za ta yi. A bar shi."

"Ke fa? Ba za ki sa naki ba?"

"In na yi ritaya daga koyar da ku, na duba."

Zauren Gengo yana nan. Tokie ta ba da shi ga wata ƙungiyar tsofaffin mata masu koyon rawar tsibirin Hawai, Talata da Juma'a, daɓen ya yi musu daidai. Na wuce rannan da keke na ji kiɗa, na leƙa. Tana layin gaba da furen roba a kunne, shekararta tamanin da ɗaya, kuma ta fi duk sauran iyawa.